Gaba Nawa Ƙugiyarka Ta Nutse?

 Sharhinmu na yau a kan ruwa yake, kuma da masunta nake magana kai tsaye, ko da yake wanda bai taɓa riƙe ƙugiya ba ma ba zai rasa abin tsinta ba.

Akwai wata hanyar kamun kifi da ta yi ƙarfi a manyan tafkunan Amurka da Kanada, wadda za mu iya kira fatsar ja. Maimakon mutum ya zauna wuri ɗaya ya jefa ƙugiya yana jiran rabo, sai ya saki doguwar igiya a bayan jirgi, a ƙarshenta akwai ɗan kifin ƙarya na katako ko na roba ko na ƙarfe mai ƙyalli, da ƙugiyoyi a jikinsa. Jirgi na tafiya a hankali, kifin ƙarya na biye yana kaɗa jela kamar mai rai, har babban kifi ya kawo masa cafka. Wannan kowa zai iya yi. Inda gwani ya bambanta da ɗan koyo shi ne tambaya guda: a wannan lokacin da kake ja, gaba nawa ƙugiyarka ta nutse? Wanda ba shi da amsa, to ya wuni yana ƙona mai ne kawai.

Dalilin da ya sa tambayar ta yi nauyi shi ne, kifi ba ya watsuwa ko'ina a cikin ruwa mai zurfi. Duk wanda ya taɓa iyo a kududdufi mai zurfi da rana tsaka ya san ƙirjinsa na jin ɗumi, ƙafafunsa kuwa na jin sanyi. A babban tafki abin ya fi haka tsari. Da zafi ya shigo, rana takan ɗumama ruwan da ke sama, ruwan ɗumi kuma bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya yi zamansa a bisa, mai sanyin ya kwanta a ƙasa, ba sa gauraya. Tsakaninsu akwai wani yanki da zafi ke faɗuwa da sauri cikin 'yan mitoci kaɗan. A nan ƙananan kifaye kan taru, manya kuma su biyo su. Ruwa na iya kai mita 100, amma kifin da kake nema yana cikin mita uku ko huɗu ne kacal na wannan zurfin. Ka wuce ta samansa da gaba biyar, yana ganinka, ba zai taso ba. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu magana.

Mutanen da suka fi kowa shan wahalar wannan tambaya su ne na bakin Tafkin Mishigan, wanda zurfinsa ya kai mita 281 a wani wurin. Labarinsu ya cancanci a ji. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, tafkin ya shiga wani hali. Wata halitta mai kama da maciji, lamfiri, wadda ke manne wa kifi tana tsotse jininsa, ta shigo daga teku ta hanyoyin ruwan da aka haƙa wa jiragen kaya, ta taru da yawan kamu suka kusa ƙarar da babban kifin tafkin, wato tirawut. Da mai farauta ya kau, sai wani ɗan ƙaramin kifi mai suna alwayif, shi ma baƙo, ya hayayyafa har ya fi ƙarfin ruwan. A 1967 ya riƙa mutuwa yana taruwa tsibi-tsibi a gaɓar birnin Shikago, sai da aka sa motocin ture ƙasa suka kwashe. Howard Tanner, tun yana shugaban sashen kifi na jihar Mishigan, ya riga ya kawo shawarar a ɗauko kifin salmon daga yankin tekun Fasifik a zuba, ya cinye alwayif, mutane kuma su samu abin kamawa. Aka kawo ƙwai daga jihar Oregon, aka saki 'ya'yan farko a 1966. Kafin ƙarshen 1967 salmon ya ƙosa, jama'a suka yi ca a kan ruwa da ƙananan jirage. Ɗokin ya kai ga asara, domin a watan Satumba na shekarar wata guguwa ta kifar da jirage sama da 150, mutum 7 suka rasu. Allah ya kiyashe mu da gaggawa a kan ruwa.

To salmon da tirawut kifayen sanyi ne. Sun fi son ruwan da zafinsa ke wajen digiri 10 zuwa 13. Da bazararsu ta yi, saman ruwa ya ɗumama, sai su sauka mita 15, 20, wani lokaci fiye da 30. Dole masunta su san yadda za su kai ƙugiya can, su kuma tsayar da ita can alhali jirgi na tafiya.

Nan ne wahalar take. Mai jan ruwa a rijiya, idan ta saki gaba goma na igiya, ta san gugarta ta sauka gaba goma, domin igiyar a miƙe take. Igiyar da ake ja a bayan jirgi ba haka take ba. Ƙarfi biyu ne ke kokawa a kanta: nauyi yana janta ƙasa, ruwan da take ratsawa yana tura ta baya yana ɗaga ta sama. Zaren roba da ba shi da nauyi, ko ka saki mita 100, zai riƙa shawagi ne kusa da saman ruwa. Saboda haka zurfin ƙugiya ya rataya a kan abu huɗu lokaci guda: nauyin da ka sa, tsawon igiyar da ka saki, kaurin igiyar, da saurin jirgi. Ka taɓa ɗaya, lissafi ya canja.

Dabarar da ta fi burge ni cikin duk abin da suka ƙirƙiro ita ce igiya mai dalma a ciki. Idan ka riƙe ta za ka ɗauka igiyar takalmi ce siririya, saƙaƙƙiya. Amma ka yanke bakinta ka ja saƙar baya, sai ka ga wani siririn zaren dalma mai laushi a tsakiya, wanda farce ma ke iya tsinkewa. Ƙarfin igiyar yana cikin saƙar, nauyinta yana cikin dalmar, kuma nauyin a shimfiɗe yake daga farko har ƙarshe, ba a dunƙule wuri ɗaya ba. Abin da ya sa ta zama ma'auni shi ne rini. Kowane yadi 10, wato wajen mita 9, launinsa daban: ja, shuɗi, rawaya, kore, haka har launi goma a cikakken naɗi na yadi 100. Masunta sun daɗe da ƙiyasin cewa, idan jirgi na tafiyar kilomita 3 da ɗan ɗoriya a awa, kowane launi da ya shiga ruwa yana saukar da ƙugiya kamar mita ɗaya da rabi. Da ma'auninmu, ka saki gaba biyar, ka samu zurfin kusan gaba guda. Launi huɗu, mita 6. Launi goma, mita 15. A bakin igiyar sukan ƙulla dogon zaren roba marar launi kafin kifin ƙaryar, don kada kifi ya ga igiya mai kauri ya tsargu.

Ku lura da amfanin wannan. Mutum ya ji cafka, abin da zai fara dubawa kafin murna shi ne launi nawa ne a cikin ruwa. Idan shida ne, to ya gama sanin inda garken yake. Yana cire kifi zai sake sakin shida, ya gaya wa abokinsa shi ma ya saki shida. Sa'ar da ta zo sau ɗaya ta zama abin da ake iya maimaitawa. Ni a ganina nan ne duk darajar wannan igiya take, fiye da nauyinta. Dutse ma yana nutsar da ƙugiya, amma ba ya gaya maka inda ya kai ta.

Sai dai ƙiyasin nan yana tsayawa ne muddin sauri bai canja ba, kuma sauri shi ne ɓarawon zurfi. Turin da ruwa ke yi wa igiya ba ya ƙaruwa daidai da sauri, ya fi haka: ka ninka saurin jirgi biyu, turin ya kusa ninkuwa huɗu. Ɗan ƙarin wuta kaɗan a inji, ƙugiyar da ke mita 12 ta taso ta bar kifin a ƙasa. Ka sassauta da yawa, ta nutse ta kama ƙasa. Kuma saurin da ake magana a kai shi ne na ƙugiya a cikin ruwan da take, ba na jirgi a kan doron ruwa ba. Idan ruwan can ƙasa yana gudu zuwa gabas, mai ja zuwa yamma da mai ja zuwa gabas ba zurfi ɗaya suke ba, ko da injinansu na kuka iri ɗaya. Shi ya sa za ka ga jirgi na kamu a tafiya, ba ya kamu a dawowa, mai shi yana ta mamaki.

Gwanaye sun mayar da wannan rauni makami. Ba sa tafiya a miƙe, sai su riƙa yin kwana a hankali, dama da hagu. A kan kwana, igiyar da ke ɓangaren ciki takan yi sanyi ta nutse, ta waje kuma ta ƙara gudu ta taso. Kifin da ya daɗe yana bin kifin ƙarya yana shakka, da ya ga ya yi kamar zai faɗi ko zai tsere, a nan yake kai hari. Mai hankali kuma yana karanta saƙo a ciki: in ta ciki ce ke yawan kamu, kifi na son a rage gudu ko a ƙara zurfi; in ta waje ce, akasin haka.

Igiyar dalma tana da iyaka. Bayan launi goma, naɗin ya yi yawa, ɗaukar kifi daga nisan mita 100 aiki ne mai gajiyarwa. Masu son wuce nan sukan koma wayar tagulla ko ta ƙarfe, wadda ta fi nutsewa. Wasu kuma suna amfani da wani ɗan injin naɗi da ake kafawa a gefen jirgi, mai saukar da dunƙulen nauyi na kilo 4 zuwa 7 a kan waya, da ma'aunin da ke nuna tsawon da aka saki. Ana maƙala zaren fatsa a jikin dunƙulen da ɗan matsi. Kifi na cafka, zaren ya suɓuce, masunci ya yi kokawarsa da kifi ba tare da nauyi ba. Haɗe da na'urar leƙa ƙarƙashin ruwa da ma'aunin zafi, abin ya zama kusan aikin injiniya. Kayan suna da kyau, suna kuma da tsadar da masuncinmu ba zai ko taya ba.

Na san wani zai ce, to ai wannan wasan masu kuɗi ne, me ya haɗa mu da shi? Ban yarda ba. Kifin ƙaryar da ya fi suna a duniya, Rapala, talaka ne ya fara sassaƙa shi. Lauri Rapala masunci ne a ƙasar Finlan, yana ciyar da iyalinsa da abin da ya kamo a tafki. Ya lura cewa babban kifi, idan ya faɗa garke, wanda ke tangaɗi yake zaɓa. A 1936 ya ɗauki wuƙar dukanci ya sassaƙa ɓawon itace mai sauƙi, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta alewa, ya narkar da tsohon fim ɗin hoto ya shafe shi don kada ruwa ya shiga. Da jirgin tuƙi ya riƙa jan sa, ba inji. Abin da ya mallaka ido ne da haƙuri, kuma waɗannan masuntanmu ba su rasa su ba.

Yanzu mu dawo gida, domin akwai alaƙa ta gaskiya. Sana'ar su a ƙasar Hausa tsohuwa ce, amma a kogi da fadama da tafkin da ke janyewa da rani aka haife ta. Koma da gora irin na Argungu, birgi, taru, gura, mamari, duk kayan ruwan da ake iya taɓa ƙasansa ne da ƙafa ko da sanda. Sarkawa sun san kogi kamar tafin hannunsu. Amma ruwa mai zurfin gaba ashirin ko talatin baƙo ne a wurinmu, madatsun ruwa ne suka kawo shi. Akosombo a Gana ta haifar da Tafkin Bolta a 1965. Kainji ta tare Kwara a 1968, har tsohon garin Busa ya nutse. Tiga ta zo a 1974, Lagdo a Kamaru a 1982. A dukkan waɗannan ruwaye akwai Hausawa masunta, kuma akwai giwan ruwa da tsage, waɗanda mafarauta ne masu bin abin da ke motsi. Shekara hamsin da 'yan kai ba wani dogon zamani ba ne a rayuwar sana'a. Har yanzu muna koyon waɗannan ruwaye.

Kuma ba sai an yi hasashe ba a kan ko giwan ruwa na bin kifin ƙarya. A Tafkin Nasir, wanda madatsar Aswan ta tara tsakanin Masar da Sudan, jan manyan kifayen ƙarya a bayan jirgi kusa da duwatsun da suka nutse ita ce babbar hanyar da masu fatsa ke nemansa. A wannan tafkin ne aka kama giwan ruwa mai kilo 104 da sandar fatsa a shekarar 2000. Kifin nan dai shi ne namu, ba wani ba.

Amma a nan nake roƙon a saurara da kyau, don kada a kwafi abu ido rufe. A Mishigan, ruwan ƙasa yana da sanyi, yana kuma riƙe da iskar shaƙa, shi ya sa kifi ke iya zama can. Namu ruwayen na ƙasar zafi ne. Idan suka rabu sama da ƙasa, ganye da itace da duk abin da ya mutu ya nutse yakan ruɓe a ƙasa ya cinye iskar, ba kuma ta inda sabuwa za ta shigo. A Kainji, masu bincike sun daɗe da nuna cewa daga wajen Fabrairu zuwa Mayu ruwan yakan rabu haka, ƙasan ya rasa iska. A irin wannan lokaci, wanda ya ce bari in ƙara nauyi in kai can ƙasa inda manya suke, ya kai ƙugiyarsa inda ba mai rai. Masu kafa raga sun san alamar: ragar da ta yi zurfi da yawa, kifin da ta kama da safe a mace ake samunsa, wani lokaci igiyar ma da warin ruɓaɓɓen ƙwai take fitowa. Da hunturu kuwa, sanyi da iska sukan motsa ruwa ya gauraya, kifi ya bazu. Zuwan farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke isowa daga tsaunukan Gini da sanyi, kowanne yana sauya lissafi. Don haka zurfin da ya yi maka rana a watan azumin bana ba lallai ya yi maka da babbar salla ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi tana nan a Sabuwar Busa, kuma ina ganin babu hidimar da za ta fi amfanar masunta kamar a riƙa sanar da su ta rediyo, wata-wata, a gaba nawa iska ta ƙare.

To yaya mai kwale-kwale zai yi, ba shi da igiyar launi, ba shi da na'ura? Zai yi tasa. Ya samu zare mai ƙarfi, ya auna gaba biyar-biyar, ya ɗaura ƙyalle ko zaren saƙa mai launi daban a kowane wuri. Ya zaɓi nauyi guda ya tsaya a kansa, kada yau wannan gobe wancan. Sai ya nemi wurin da ƙasansa yashi ne shimfiɗaɗɗe, ya auna zurfinsa da dutse a igiya, a ce gaba huɗu. Mutum biyu ne aikin, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da zare. Filafili ma ya fi inji dacewa, domin saurin da ake so bai kai na mai tafiya a ƙasa ba, ga shi ba mai, ba ƙara, kuma ƙaramin injin jirgi in ya daɗe yana tafiyar hawainiya fulogi yake ci. Uba yana baya da zare a hannu, ɗa yana tuƙi.

"Riƙe hannunka haka, ɗan nan, kada ka ƙara, kada ka rage."

"To, Baba."

Yana saki a hankali, ja ya wuce, baƙi ya wuce, fari ya shiga ruwa, sai ya ji nauyin ya fara tuntuɓe da yashi, dum, dum, a yatsunsa.

"Tsaya nan. Fari ne gaba huɗu. Ka riƙe wannan a ka."

Shi ke nan, ya samu ma'auninsa. Gobe ya gwada a wuri mai gaba shida, jibi mai gaba takwas. Cikin 'yan kwanaki ya san zarensa sanin da babu na'urar da za ta ba shi. Abu guda kawai nake gargaɗi a kai: kada a naɗe zare a hannu ko a yatsa. Giwan ruwa mai nauyin buhun siminti idan ya fizga, ko ya yanke nama har ƙashi ko ya jefa mutum ruwa. A naɗe a jikin katako, a riƙe da tsumma, wuƙa kuma ta kasance kusa.

Madatsunmu cike suke da itatuwan da ruwa ya ci a tsaye. A Bolta kututturan nan har jiragen fasinja suke fasawa. Giwan ruwa kuwa a gindinsu yake fako, don haka ba za a guje su ba. Maganin shi ne kada a ɗaura nauyi a kan uwar igiya. A yi mata reshe: a wuri guda a ƙulla zare biyu, ɗaya dogo mai ƙarfi zuwa kifin ƙarya, ɗaya gajere mai rauni zuwa nauyi, yana rataye a ƙasa. Idan an sarƙe, mai raunin ne zai tsinke, a yi asarar nauyi a tsira da abu mai tsada. A mahaɗar kuma a sa ɗan ƙarfen nan mai juyawa, in ba haka ba zare zai murɗe ya zama abin tausayi. Mai neman tsage ya ƙara ɗan guntun waya a gaban ƙugiya, saboda haƙoransa.

Ba na so in yi wa kowa romon baka. Fatsar ja ba za ta maye gurbin raga ba. Karfasa da bargi ba sa bin kifin ƙarya yadda mafarauta ke yi, kuma akwai ranar da za a wuni ba a ji ko cafka ɗaya ba. A Tafkin Chadi, inda ruwa bai wuce 'yan mitoci ba, ga ciyawa ko'ina, maganar nauyi ma ba ta taso ba. Sannan mai jan igiya mai tsawon gaba talatin a ruwan da ke cike da ragunan jama'a, in bai yi shawara da sarkin ruwa an ware masa hanya ba, rigima zai jawo. Amma tana da wani alheri da nake so a duba: ɗaya-ɗaya take kamawa, kuma babba take kamawa. Ba ta share 'ya'yan kifi kamar taru mai idon gidan sauro, ba ta kashe ruwa kamar masu zuba guba. Ko a nan ma da sharaɗi. Mafi girman giwan ruwa yawanci mata ne, masu ɗauke da ƙwai miliyoyi, kuma kifin da aka fizgo daga zurfi da sauri jakar iskar cikinsa takan kumbura, ko an sake shi ba ya iya komawa ƙasa. Wanda ya iya kai ƙugiya inda iyaye suke, shi ya fi kowa wajabcin sanin lokacin da zai ce ya isa haka.

Saura maganar da ba zan iya tsallakewa ba, ita ce dalmar kanta. Mu a arewacin Najeriya ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Zamfara na yankin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake daka a cikin gidaje. Dalmar da ke bakin birgi ita ce dai wannan dalmar. Ku duba yadda ake yi a unguwannin masunta: a fasa tsohon batirin mota, a zuba dalmar a gwangwani, a ɗora kan murhun da ake girki, hayaƙi na tashi, yara na zagaye suna kallon yadda take narkewa tana sheƙi, toka da ɓurɓushi su zube a tsakar gida inda mai rarrafe ke wasa. Wani kuma ya sa haƙori ya matse dalma a jikin zare, sannan ya ɓare goro da hannun. Babu wani adadin dalma da likitoci suka ce ba shi da illa a jinin yaro. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Ingila ta hana ƙananan dalmomin fatsa tun 1987, saboda wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa dangin dinya da ke haɗiye su suna mutuwa. Su tsuntsu suka duba suka yi doka. Mu 'ya'yanmu ne a bakin murhun.

Idan dole sai an narka, to a yi nesa da gida, a fili, da gwangwanin da ba zai sake komawa kicin ba, ba yaro ba mai ciki a wurin, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Amma ga fatsar ja, musamman nauyin reshe wanda da ma don ya tsinke ya zauna a ruwa aka yi shi, ban ga dalilin sa dalma ba sam. Babban noti, guntun rodi, mataccen fulogi, duk suna aiki, kuma a wurin makanike ko maƙeri kusan kyauta ne. Bambancin shi ne ƙarfe bai kai dalma nauyi ba: inda dalma ke da 11 da ɗoriya a ma'aunin nauyi, ƙarfe bai cika 8 ba. Ke nan sai an sa guntu mafi girma kafin a samu nauyi ɗaya, guntu babba kuma ruwa ya fi tura shi, sai ya ɗan taso. Rodi siriri mai tsawo ya fi dunƙulallen noti ratsa ruwa, ya kuma fi wuyar maƙalewa a tsakanin rassa. Duk wanda ya canja daga dalma zuwa ƙarfe, tsohon lissafinsa ya tashi, sai ya koma wurin yashi ya sake ƙirga launukansa daga farko.